Malam Ari, Jakadan Barno a Fagge

Malam Ari mai banda ya shekara arba'in da takwas yana ba mutanen Fagge labarin Barno kafin ya taɓa ganin ta da idonsa. A Fagge aka yanke masa cibiya, nan ya yi karatun allo, nan ya yi aure. Mahaifinsa ne ya zo daga Kukawa yana saurayi, shekarar da yaƙin Rabe ya watsa garin, ya biyo ayarin masu kanwa shi da tsohuwarsa Yakaka. Uwar Ari ta rasu yana goye, don haka kakar tasa ce ta raine shi, kuma a bakinta ya tsinci ɗan Barbarcin da yake taƙama da shi. Da ta rasu yana ɗan shekara bakwai, Barbarcin ya tsaya inda ta bar shi.

Wannan bai rage masa komai ba. Dogo ne, baƙi, ga tsagen Barebari ya zauna masa a fuska, ga tafiya ta ƙasaita ko da kwandon kifi ne a kansa. In ana zancen doki, na Barno ne doki. In ana zancen karatu, a Barno aka fara wanke allo. Ko hadari ya taso sai ya nuna gabas da haɓa ya ce, "Ku duba daga inda yake zuwa. Sai mun sha mun ƙoshi ake turo muku ragowa."

Allah kuma ya haɗa shi da daidai shi. Matarsa Dudu Bafulatana ce daga wata ruga a ƙasar Gaya, kuma kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, kowane ɓangare na cewa ɗayan bawansa ne. Shekara ashirin da biyar suna ɗaki ɗaya ba su daidaita kan wanda ya sayi wani ba.

Rumfarsa tana kasuwar Sabon Gari, layin 'yan kifi. Bandar daga Chadi take zuwa, taubashinsa Kyari, ɗan ƙanwar mahaifinsa, shi yake auno masa daga Yerwa babban birnin Barno, yakan kuma leƙo Kano sau ɗaya ko sau biyu a shekara. Babbar mai sayen kifinsa wata mata ce mutuniyar Anacha, Obiageli, mai tura kaya kudu ta jirgin ƙasa. Ari bai taɓa iya faɗin sunanta ba. Da ya ji sunan ɗanta Emmanuel sai ya yanke shi ya koma Manu, ita kuma ta zama Uwar Manu. Ba ta sayen kifi sai ta karya guda ta sansana, ta zazzage buhu har ƙasa, ta yi masa faɗa da Hausarta mai kaifi, shi kuma yana rantsuwa da kabarin kakanninsa na Kukawa. Shekara goma sha ɗaya suna haka.

A ƙofar gidansa kuwa akwai rumfar Baba Raji tela, Bayarabe Musulmi mutumin Ofa, wanda ya fi shekara talatin a Fagge. Sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. Raji ne mai karanta boko a layin, shi yake sayen jarida, shi kuma Ari yake fassara wa jama'a abin da jaridar take nufi ko da bai ji farkon labarin ba.

A watan Mayu na 1953 rikici ya ɓarke tsakanin Fagge da Sabon Gari kan siyasar Kudu da Arewa. Kwana huɗu aka yi. An kashe mutane, an ƙone rumfuna, har hukuma ta ja waya mai ƙaya tsakanin unguwannin biyu. Ari da Raji a zaure ɗaya suka wuni kowace rana, ƙofa a tokare. Ba wanda ya taɓa Raji, amma kwana huɗun nan bai taka kekensa ba, kuma duk layin sun ji shirun. Ranar da aka buɗe kasuwa Ari ya tarar da wurin Uwar Manu wayam. Wani ɗan dako ya gaya masa ƙanin mijinta, Ikechukwu, yana cikin waɗanda aka kashe, kuma ita da mijinta sun bi jirgi sun tafi gida da yaransu. Ari ya zauna a kan buhun kifi. Ya san saurayin, shi ne mai zuwa da kura ya kwashi kayanta.

Bayan wannan, kalma ɗaya ce a bakin kowa: a raba. A majalisa a raba, a wurin mai shayi a raba, a bakin rijiya a raba. Ciniki ya yi sanyi tunda masu sayen banda da yawa sun tafi, sai Ari ya samu lokacin zama a rumfar Raji, ya ɗauki zancen ya yi masa riga da wando.

"Ni ban ƙi a raba ba," in ji shi wata la'asar, "amma wa ya ce kashi biyu za a yi, ko uku? In rabo ya zo, kowa ya ɗauki kayan ubansa. Barno ƙasa ce tun Kano tana ƙauye. Mu ba ma bin kowa."

Raji yana cizon zare ya ce, "Malam, kai naka mai sauƙi ne. Ni fa? Ofa tana lardin Ilori, Ilori tana Arewa. Baki na Yarabawa, takarda ta Arewa. 'Yan'uwana rabi suna so a mai da mu Yamma, rabi sun ce a bar mu inda muke. In aka ja igiya, ta tsakiyar ɗakin uwata za ta bi."

"Ka bi Yamma, sai mu ƙulla amana da ku. Mu ba ku kifi da kanwa, ku ba mu goro da hanyar teku."

"Ofa ba ta da teku."

"Ku ara a Ikko. Mu ma ai muna da namu tekun. Chadi ba ruwan wasa ba ne, jirgi sai ya kwana bakwai bai ga gaɓa ba."

"Ka gani da idonka?"

"Abin da ke gidanku sai ka gani kake sani?"

Dudu tana bayan ƙyauren zaure tana tsince shinkafa, duk tana ji. Ta ce, "Baba Raji, tambaye shi kifin nasa fiffike gare shi? Daga Barno zuwa ƙasarku ai sai ya ratsa ƙasar da ya ce ba ya bi. Sannan ni a wace ƙasa za a ajiye ni?"

"Baiwa ai ubangijinta take bi," in ji Ari.

"To ɗaura kayanka, Malam, ruga za mu."

Kullum haka. Da farko mutane dariya suke, amma Ari ya yi ta faɗa har ya shawo kan kansa. Ya fara tunanin in aka rufe iyaka yana Kano, baƙo zai zama a garin mutane, ga gidan kakansa can a Kukawa ba mai tsaya masa. Da aka gama kakar gyaɗa, farkon 1954, ya sa Raji ya ɗinka masa babbar riga shuɗiya, ya bar rumfa a hannun maƙwabcinsa na kasuwa, ya ce zai je ya duba gida ya dawo ya kwashi iyali. Dudu ta daka masa dakuwa ta ƙulla a tsumma. Ba ta hana shi ba, ta ce dai in ya isa ya gaishe mata da bayinta.

Babbar motar kaya ya hau, ta wani direba Chukwuma, fasinjoji a saman buhuna. Tun kafin su wuce Wudil Ari ya buɗe majalisa, yana bayyana yadda ƙasar Barno za ta tsaya da ƙafarta. Wani malamin asibiti da ke gefensa, Babur mutumin Biu, ya saurare shi da ladabi har ya gama, sannan ya ce, "Madalla, Baba. Ranar da kuka ware daga Arewa, mu ma washegari za mu ware daga gare ku." A Fataskum wani dattijo ya hau, da ya ji zancen ya ce su mutanen Fika da sarkinsu tun fil'azal, ba su taɓa zama a aljihun kowa ba. Wani Bashuwa mai fataucin shanu kuma ya ce shi duk wanda zai ja iyaka ya ja, amma ya sani shanunsa ba sa karatu. Kafin su shiga Damaturu ƙasar Malam Ari ta ragu da kusan rabi, ya ja bakinsa ya koma cin dakuwa.

Kyari ya tarbe shi a Yerwa da murna, ya yanka masa rago, ya tara dattawan unguwa har da limaminsu don su ga ɗan'uwa da ya dawo. Ari ya sa shuɗiyar rigarsa. Gaisuwa ta tafi daidai, don wannan ya riƙe ta da kyau. Da aka ci abinci ya ga ya kamata ya yi wa liman wata magana ta girmamawa da harshen gida. Ya laluba cikinsa, ya kamo jimlar da ya tuna ana faɗi bayan an gama cin abinci, ya dubi liman ya faɗe ta da murya mai nauyi.

Sai wani ya fara tari, wani ya rufe fuska da hannun riga. Liman ya shafa gemu ya yi wa Kyari tambaya, jama'a suka fashe.

"Me na ce?" in ji Ari da Hausa, a hankali.

Kyari yana share hawaye ya ce, "Ka ce masa yaron kirki, ya cinye tuwonsa tas, ya matso ka goge masa baki."

"Shi kuma me ya ce?"

"Ya ce a ina na samo wannan Afuno mai bakin tsofaffin mata."

Afuno shi ne Bahaushe a bakin Barebari. Ari ya taɓa tsagen fuskarsa kamar mai duba ko yana nan. A kwana biyu sunan ya bi unguwa. In ya shiga kasuwa da Hausa ake masa tayi, kuma tayin baƙo. Yara na binsa suna roƙon ya yi musu Barbarci. Ya gane duk abin da ya iya bai wuce zo ka ci, sauka daga nan, wa ya taɓa mini kai, yi barci ba.

Rana ta uku Kyari ya ce tsohuwarsa tana kiran sa. Hajja ke nan, ƙanwar mahaifin Ari. Tana 'yar shekara goma sha huɗu aka rabu a gudun Kukawa, uwarta da wanta suka yi yamma, ita wasu dangi suka yi kudu da ita. Ba ta sake ganin uwarta ba. Yanzu ta haura saba'in, idonta ya tafi, tana zaune a kan tabarma a ɗaki mai ƙanshin turaren wuta. Ari ya durƙusa ya gaishe ta. Ta shafa fuskarsa da tafin hannu, ta yi magana, Kyari ya fassara.

"Ta ce ka faɗi abin da ka faɗa wa liman."

"Haba Kyari, a bar tonon asiri."

"Ba wasa take ba. Faɗi."

Ari ya faɗa, kansa a ƙasa. Tsohuwar ba ta yi dariya ba. Ta riƙe hannunsa ta ce ya ƙara. Ya ƙara. Ta ce ya faɗi wani. Ya faɗi na hana yaro hawa katanga, ya faɗi na rarrashi in an faɗi an kurje gwiwa, ya faɗi na sa yaro barci. Hawaye suka gangaro mata. Kyari ya daina murmushi ya ce, "Ta ce muryar uwarta ce. Haka mutanen Kukawa na da suke lanƙwasa harshe, yanzu ba mai yin haka. Ta ce shekara sittin ba wanda ya ce mata yi barci da wannan bakin."

Kwana tara ya ƙara a Yerwa, kullum da hantsi yana ɗakinta. Ba su da zancen da za su yi, don ita ba Hausa, shi ba Barbarcin manya. Sai ya yi ta zazzago mata 'yan kalmomin kakarsa, wasu ma bai san yana da su ba sai da ya buɗe baki, ita tana gyara masa zama, tana tura masa ƙwaryar burabusko. Ta tambayi yadda uwarta ta rasu, da inda aka binne ta. Ya gaya mata ta bakin Kyari cewa a maƙabartar Fagge take, kusa da wata tsamiya, kuma duk sallah yana zuwa.

Sun je Kukawa da Kyari. Wani tsoho ya kai su inda ya ce nan unguwar kakansu take, suka tarar da gonar wake, mai gonar kuma yana tsaye yana duban su da fartanya a kafaɗa. Ari ya yi fatiha, bai ta da zancen gado ba. Suka ƙarasa bakin Chadi. Iyakar ganinsa ciyawa ce da ruwa kwance a tsakaninta, da ƙananan kwale-kwalen da aka ɗaure da kara, ga sauro da rana tsaka. Ya tambayi wani masunci ina manyan jiragen suke tsayawa. Mutumin, Buduma ne, ya ce bai taɓa ganin su ba, ya kuma ƙara da cewa in ana zancen mai ruwa, su ne masu ruwa, Barebari a tudu suke.

Ranar da ya sauka a Fagge ya rame, wuyansa duk cizon sauro. Kafin ya sha ruwa rumfar Raji ta cika.

"Malam, yaushe za a kwashi iyalin?" in ji Raji.

Ari ya gyara zama. "An yi shawara da manya. Sun ce ba dabara ba ce kowa ya koma gida. Ƙasa in za ta tsaya tana bukatar mutum a waje, wanda ya san bakin Kanawa da halinsu. Sun roƙe ni in zauna a nan."

"Wato jakada."

"Kai ka faɗa."

"Tekun fa?"

"Yana nan. Ya ɗan ja baya, rani ne."

Daga ranar ya zama Jakada, har yara ba su san shi da wani suna ba. Bayan wata biyu Kyari ya zo Kano da kaya, kuma taubashi ba ya rufa wa taubashi asiri, ya zauna a rumfar Raji ya ba da labarin liman daga farko har ƙarshe. Dudu ta samu abin da take nema. In Ari ya gama cin tuwo sai ta miƙo masa tsumma ta ce, "Matso, Afuno." Amma ita kaɗai ya ba labarin Hajja, kuma wannan ba ta taɓa sa shi cikin wasa ba. Da kanta ta haɗa man shanu da zane ta ba Kyari ya kai wa tsohuwar.

Zancen a raba bai mutu ba, ya dai yi sanyi, manya suka koma teburin shawara, aka ba kowace jiha ƙarin ikon kanta. Ari bai daina cewa Barno ta fi ko'ina ba, sai dai in aka zo kan iyaka yakan ce, "Wannan sai an zauna. Akwai mutanen Biu, akwai na Fika, akwai masu ruwa. Ba ku san su ba, ni na san su."

Da damina ta faɗi, wata safiya ya ɗago kai ya ga Uwar Manu tsaye a gaban rumfarsa. Ta faɗa, ta ɗaura baƙin ɗankwali. Ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi mata ba.

"Uwar Manu, ashe rai kan ga rai. Ya haƙuri? Na ji abin da ya samu yaron nan. Allah ya ba ku dangana."

"Na gode, Baba Ari."

Ta sa hannu a buhu ta ɗauki kifi ta karya ta sansana. Shi kuma sai ya koma ga abin da ya saba.

"Kin san har yanzu ana zancen rabuwa. Na yi tunani, in abin ya zo, mu Barno da ku mutanen Gabas ya kamata mu ƙulla. Ku kuna son kifi, mu muna son manja."

"In an raba za ka daina sayar mini?"

"Wane ni."

"To ƙullawar ƙasa ta manya ce, su suka san ta. Kai dai ka daina jera mini manya a sama kana cusa ƙanana a gindin buhu."

Ta zazzage buhun har ƙasa, ƙananan kuwa suna nan. Ari ya fara rantsuwa, ta fara faɗa, 'yan layin kifi suka ji kasuwa ta dawo.

Sau uku ya sake zuwa Yerwa, shekara bayan shekara, ba don gida ko gona ba. Da Hajja ta rasu bai ƙara zuwa ba. A 1958 Raji ya tafi Ilori lokacin da wani kwamiti yake sauraron koken ƙananan ƙabilu da masu son a sauya musu jiha, ya yi mako biyu, ya dawo da doya da ciwon baya, Ofa kuwa ta ci gaba da zama a Arewa. Ari ya ce masa da ya nemi shawarar jakada da bai ɓata kuɗin jirgi ba.

Malam Ari ya rasu a daminar 1959 bayan zazzaɓin kwana shida, ƙasar tana nan a haɗe, ana shirin karɓar mulkin kai. Raji ne ya ɗinka likkafanin, da hannu, ya ce keke ya cika ƙara. Ranar sadakar uku Obiageli, Uwar Manu, ta rufe wurinta a kasuwa, ta yafa mayafin da ta ara, ta taka zuwa Fagge, inda ba ta sa ƙafa ba tun shekarar rikicin. Ta tambayi gidan, aka nuna mata. Ta cire takalmi a ƙofar ɗaki ta shiga cikin mata, Dudu ta matsa mata a tabarma, ta zauna har aka kira la'asar.